Wane fim ne ya fi kawo kuɗi a sinimomin Birtaniya?

"Assalamu alaikum. Gardama ce ta kaure a majalisarmu. Ni na ce Titanic ne fim ɗin da ya fi kowanne samun kuɗi a Birtaniya, wani ya ce Avatar ne, wani kuma ya rantse na James Bond ne tunda nasu ne. Don Allah a raba mana gardama. Sannan me ya sa ba mu taɓa jin fim ɗin Indiya a irin wannan lissafi ba, alhali Indiyawa sun cika Ingila?" Wani mai karatu daga Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Ku ukun kowa yana da rabonsa na gaskiya, sai dai gaskiyar kowannenku ta kwana biyu. Titanic ya taɓa riƙe kambun, Avatar ya taɓa riƙewa, wani fim na James Bond mai suna Skyfall shi ma ya riƙe. Amma tun daga watan Janairun 2016 kambun yana hannun Star Wars: The Force Awakens, wanda ya tara kimanin fam miliyan 123. A tambayarka akwai abu biyu da ya kamata a raba: fim ɗin da ya fi tara kuɗi, da fim ɗin da mutane suka fi shiga kallo. Mutane na ɗauka abu ɗaya ne, kuma ba haka ba ne. Na yi shekaru ina aikin tsara jadawalin nuna fina-finai a wani gidan sinima a Ingila, don haka ta wannan kusurwar zan ba ka amsa.

Yadda kambun ya yi ta sauya hannu

A 1993 Jurassic Park ya tara kusan fam miliyan 48, abin da ba a taɓa gani ba a lokacin. Bayan shekara huɗu wani ɗan ƙaramin fim na gida, The Full Monty, labarin ma'aikatan masana'antar ƙarfe na garin Sheffield da suka rasa aikinsu, ya zarce shi da kimanin miliyan 52. Kuɗin da aka kashe wajen shirya shi bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na Amurka. Bai ji daɗin sarautar ba, domin a Janairun 1998 Titanic ya shigo Birtaniya ya kwashe kusan miliyan 69, ya zauna a sama shekara goma.

Wanda ya sauke Titanic a ƙarshen 2008 shi ne wanda 'yan majalisarku ba su ambata ba: Mamma Mia!, fim na waƙe-waƙe da aka gina a kan waƙoƙin ƙungiyar ABBA ta ƙasar Suwidin. Avatar ya fito a Disambar 2009, ya kai miliyan 94. Skyfall ya fito ranar 26 ga Oktoban 2012, ya wuce Avatar cikin kwana 40, kuma shi ne fim na farko da ya haye fam miliyan 100 a ƙasar, ya tsaya a wajen miliyan 103. Daga nan The Force Awakens ya fito ranar 17 ga Disambar 2015, cikin 'yan makonni ya karɓe.

In ka duba jerin zuwa ƙarshen 2024, bayan The Force Awakens da Skyfall akwai cunkoso. No Time to Die da Spider-Man: No Way Home, dukansu na 2021, da Avatar, da Barbie na 2023, da Spectre na 2015, duk suna tsakanin fam miliyan 95 da 98. Sai Avengers: Endgame da kusan miliyan 89, sai Top Gun: Maverick, da Star Wars: The Last Jedi, da Titanic, kowanne ya ɗan haura miliyan 80. Titanic ya kai nan ne saboda an sake sakinsa a 2012 da kuma 2023, Avatar ma sake saki ne ya ɗaga shi daga miliyan 94. Irin wannan sake saki ne ke sa ka ga jeri biyu sun saɓa a kan wanda ke na biyar da wanda ke na shida, don haka kada hankalinka ya tashi in ka ci karo da saɓanin. Wani abin lura kuma, alƙaluman da ake kira na Birtaniya a wannan sana'a sun haɗa da na Jamhuriyar Ireland, domin masu rarraba fim kasuwa ɗaya suke ɗaukar ƙasashen biyu.

Abokinka mai cewa Avatar yana da hujja ta wani gefen. A duniya baki ɗaya Avatar ne a gaba, da kusan dala biliyan 2.9. Birtaniya ce take da nata ɗanɗanon.

Kuɗi daban, kawuna daban

Yanzu ga inda lissafin kuɗi yake yaudara. Ka lura duk fina-finan da suke saman jerin nan na 2024, in ka cire Titanic, daga 2009 suka fara. Wannan ba ya nufin mutanen da ba su son kallo. Farashin tikiti ne ya hau. Kamar ɗan kasuwar hatsi ne a yau ya sayar da buhu goma ya ce ya fi kakansa da ya sayar da buhu ɗari, don kuɗin da ya ƙirga sun fi yawa.

Mu yi lissafin tare. Titanic ya sayar da tikiti kusan miliyan 19 a fitowarsa ta farko, ya tara miliyan 69, ka ga kowane tikiti bai kai fam huɗu ba. A 2015 matsakaicin farashin tikiti ya ɗan haura fam bakwai. Raba miliyan 123 na The Force Awakens a kan wannan, za ka samu wajen miliyan 17. Kuma na yi masa sassauci, domin da yawa daga masu kallonsa sun biya ƙari don su gan shi a babban allon IMAX ko da tabarau na 3D, abin da ke nufin kawunan ba su kai haka ba. Saboda haka in kawuna ake ƙirgawa, kai mai cewa Titanic kana gaban Star Wars na 2015. Avatar ma wannan ƙarin kuɗin tabarau ya taimaka masa ƙwarai.

Amma ko Titanic ɗin yaro ne a gaban na da. A 2004 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya, wadda ake kira BFI, ta fitar da jeri bisa yawan tikitin da aka sayar tun farkon fim mai magana. Gone with the Wind, wanda ya isa Birtaniya a 1940, shi ne na ɗaya da kimanin tikiti miliyan 35. The Sound of Music na 1965 yana da miliyan 30. Snow White and the Seven Dwarfs, zanen Disney, miliyan 28. Star Wars na asali, na 1977, ya kusa miliyan 21. Na biyar wani fim ne da ko a Ingila matasa ba su san shi ba, Spring in Park Lane na 1948, wanda Anna Neagle da Michael Wilding suka fito a ciki, da tikiti miliyan 20 da rabi. Labarin soyayya ne mai sauƙi a gidan masu kuɗi, aka nuna wa mutanen da har lokacin da kati ake raba musu nama da sukari bayan yaƙi. Titanic a wancan jerin na takwas ya zo.

Dalilin wannan tazara a bayyane yake. A 1946 an sayar da tikitin sinima sama da biliyan ɗaya da miliyan 600 a Birtaniya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 50 ba. Wato kowane mutum, har da jarirai a lissafin, ya shiga sinima fiye da sau 30 a shekarar. Gidajen sinima sun haura 4,000. Babu talabijin a yawancin gidaje, babu bidiyo, kuma zauren sinima ya fi ɗakin talaka ɗumi a lokacin sanyi. Fim kuma ba ya saurin sauka. Gone with the Wind ya shafe kusan shekara huɗu ana nuna shi a Landan, ana tsaka da yaƙin duniya na biyu. A nan zan ɗan ratse: fim ne da ya ƙawata zamanin bautar da baƙar fata a kudancin Amurka, kuma yawan masu kallonsa bai wanke shi daga wannan ba.

Talabijin ce ta karya wannan zamani. Bikin naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953 ya sa iyalai da yawa suka sayi akwatin, tashar ITV ta buɗe a 1955, daga baya bidiyo ya shigo. Aka yi ta rufe gidajen sinima, wasu aka mayar da su zauren wasan bingo. Zuwa 1984 tikitin shekara ya faɗo miliyan 54. A 1985 aka buɗe The Point a garin Milton Keynes, gida ɗaya mai zaure goma, kuma irin waɗannan manyan gidaje ne suka farfaɗo da harkar har ta kai miliyan 177 a 2018. Wannan shi ne mafi yawa tun 1970, amma kusan kashi ɗaya cikin tara ne na abin da aka gani a 1946.

Sai dai a riƙe abu ɗaya game da tsofaffin alƙaluman nan: ƙiyasi ne. A wancan zamani ba a tattara cinikin kowane fim a waje ɗaya kamar yadda kamfanin Comscore yake yi yanzu, don haka masu binciken BFI daga mujallun sana'ar da bayanan kamfanoni suka haɗo lissafin. Tazarar da ke tsakanin miliyan 35 da miliyan 19 ta yi faɗin da kuskuren ƙiyasi ba zai cike ta ba, amma ban da rantsuwa a kan ɗigo.

Su wa ke kai fim saman jeri

Abin da aikin ya koya min shi ne, masu zuwa sinima kowane mako ba su ne ke kafa tarihi ba. Waɗannan kowane babban fim yana samunsu. A 2019 matsakaicin ɗan Birtaniya bai kai sau uku ya shiga sinima a shekara ba, kuma a cikin wannan matsakaicin akwai miliyoyin da sau ɗaya suke zuwa ko ba sa zuwa sam. Fim ɗin da ya iya tayar da waɗannan daga kujerar falo shi ne ke haye miliyan 90.

Lokacin Skyfall na ga haka da idona. Ranar Juma'a da Asabar zaure ya cika, wannan ba labari ba ne. Abin da ya ja hankalina shi ne nunin ƙarfe biyu na rana a ranar Talata, wanda yawanci kujeru ake nuna wa fim. Sai ga dattawa, miji da mata, da riguna masu kauri, suna tsayawa a kanta suna tambaya ko har yanzu ana ba da hutu a tsakiyar fim. Wasu ba su san kujerun suna da lamba ba, sai ma'aikaci ya raka su da tocila. Daga tambayoyinsu ka san sun shekara da shekaru rabonsu da wurin. Kuma mako na huɗu, mako na biyar, suna ta zuwa.

A wannan sana'a safiyar Litinin ce ranar hukunci. Ana duba cinikin Juma'a zuwa Lahadi, a yi waya da masu rarraba fim, a yanke wanda zai ci gaba da zama a babban zaure, da wanda za a tura ƙarami, da wanda za a sauke. Abin da muke kallo shi ne faɗuwar ciniki daga mako zuwa mako. Fim na jaruman littattafan zane yakan buɗe da ƙarfi, mako na biyu ya zubar da rabi ko fiye, domin masoyansa duk sun rugo a kwanakin farko. Fim ɗin da ya faɗi da kashi 20 ko 30 cikin ɗari kawai, wannan baki ne ke tallata shi, wani ya gani ya gaya wa wani, wasu kuma suna komawa karo na biyu. Ka duba Avengers: Endgame. A duniya shi ne na biyu, ya buɗe da ƙarfin da ba a saba gani ba a Birtaniya, amma bai kamo Barbie ko Spectre ba. Dattawan ranar Talata ba su zo masa ba.

Da wannan ma'auni za ka gane me ya sa fina-finan Bond uku, Skyfall da Spectre da No Time to Die, suke cikin bakwai na farko. Bond abu ne da kaka da jika suka sani, tun daga Dr. No na 1962. Skyfall ya faɗo a shekarar da jerin ya cika shekara 50, kuma a shekarar da Landan ta karɓi gasar Olamfik, inda a bikin buɗewa aka nuna Daniel Craig a matsayin Bond tare da Sarauniya da kanta. Babu kuɗin da zai sayi irin wannan talla. Ga waƙar fim ɗin da mawaƙiya Adele ta rera, ga labarin da mafi yawansa a Landan da tsaunukan Scotland ya gudana. Sannan aka sake shi a ƙarshen Oktoba, daidai hutun tsakiyar zangon makarantu, dare ya fara tsawo, sanyi ya shigo. A Amurka Skyfall ya yi kyau, ya tara wajen dala miliyan 304, amma ko kusa da saman jerinsu bai je ba.

Mamma Mia! kuwa darasi ne ga duk wanda ya raina mata masu shekaru a matsayin kasuwa. Wasan dandamali ne da ya fara a Landan a 1999, kuma matan da suka shirya shi, furodusa Judy Craymer da darakta Phyllida Lloyd, su ne suka mayar da shi fim. Mata suka riƙa zuwa ƙungiya-ƙungiya, uwa da 'ya da ƙawaye, suna komawa, har aka riƙa yin nuni na musamman da ake rubuta baitocin a ƙasan allo zaure ya amsa. Na biyunsa ya fito ranar 20 ga Yulin 2018, kwana biyar bayan kammala gasar cin kofin duniya, ya tara wajen miliyan 65. Wannan rana ba a banza aka zaɓe ta ba. Ƙwallo da zafin rana su ne manyan abokan gabar mai sinima a Birtaniya. Rana ta fito, kowa ya tafi lambu ko bakin teku. Ruwa ya sauko, zaure ya cika. Mukan duba hasashen yanayi kamar yadda muke duba jadawali. Barbie ya bi sawun Mamma Mia! a Yulin 2023: mata cikin ruwan hoda, ga fim ɗin Oppenheimer da ya fito rana ɗaya da shi suna jan juna, ga kuma watan ya zo da ruwa.

The Force Awakens ya haɗa duka. Iyayen da suka ga na 1977 suna yara suka kawo nasu 'ya'yan, ga hutun Kirsimeti, ga shekara goma ana jira. A situdiyon Pinewood da ke kusa da Landan aka ɗauki mafi yawansa, kuma sababbin jarumansa biyu 'yan ƙasar ne: Daisy Ridley, da John Boyega, haifaffen unguwar Peckham wanda iyayensa 'yan Najeriya ne.

Ina kuɗin suke tafiya

Kalmar "samun kuɗi" da ka yi amfani da ita tana buƙatar gyara kaɗan. Miliyan 123 ɗin nan cinikin tikiti ne, ba riba ba. Da farko gwamnati tana cire harajin VAT, wanda yake kashi 20 cikin ɗari tun 2011. A tikitin fam 12, fam biyu na hukuma ne. Ragowar ake rabawa tsakanin gidan sinima da kamfanin rarrabawa bisa yarjejeniya, kuma a manyan fina-finai mai rarrabawa yakan matsa ya karɓi kaso mai tsoka a makonnin farko. Shi ya sa gugguru da lemo suke da tsada a can, da su gidan yake biyan haya da ma'aikata. Mai rarrabawa kuma sai ya cire kuɗin talla da ladansa kafin wani abu ya isa ga masu fim. Yadda ake kasafta abin da ya rage tsakanin furodusoshi da jarumai ya wuce teburin da na zauna, a can yarjejeniyoyin sirri ne.

Maganar "nasu ne" ma tana da sarƙaƙiya. Kamfanin Eon da ya daɗe yana shirya Bond na Birtaniya ne, amma jarin da rarrabawar na kamfanonin Amurka ne. Star Wars na Disney ne, Barbie na Warner Bros., duk da cewa a situdiyon Leavesden da ke arewa da Landan aka ɗauke shi, inda aka yi fina-finan Harry Potter. Tun 2007 gwamnati take ba da rangwamen haraji ga fim ɗin da ya ci wata jarrabawar maki da BFI ke kula da ita, wadda ke duba inda aka yi aikin da waɗanda suka yi shi. Ta haka fim mai jarin Amurka yake zama na Birtaniya a takarda. Kafintoci da teloli da masu haɗa hoto a kwamfuta suna samun aiki sosai, kuma ina ganin wannan riba ce ta gaske, amma babbar ribar tana tsallaka teku. Ni dai har yau The Full Monty yana burge ni fiye da waɗanda suka ninka shi, duk da cewa shi ma da jarin Amurka aka shirya shi.

Batun fina-finan Indiya

Ana kallonsu ƙwarai, musamman a yammacin Landan, da Leicester, da Birmingham, da Bradford, kuma sau da yawa sukan shiga goman farko na mako. Amma masu kallonsu al'umma ɗaya ce, suna cika zaure a mako na farko da na biyu, sai ciniki ya faɗi. Pathaan na Shah Rukh Khan, wanda ya kafa tarihi a tsakanin fina-finan Indiya a can a 2023, bai kai fam miliyan biyar ba. Mu a arewa mun taso da fim ɗin Indiya a matsayin na kowa da kowa, ko ba ka jin yaren. A Birtaniya bai taɓa fita daga cikin masu shi ya zama haka ba.

Ko za a doke miliyan 123? Ta fuskar kuɗi ina sa ran haka, domin farashi hawa yake. Amma hanyar ta ƙara wuya. Korona ta jefa tikitin shekara zuwa miliyan 44 a 2020, kuma zuwa 2024 bai wuce wajen miliyan 126 ba. Kafin annobar fim yakan yi kusan mako 16 a sinima kafin ya isa gida, yanzu da yawa cikin kwana 45 ko ƙasa da haka suna kan intanet. Wannan kai tsaye yake taɓa mutumin nan mai zuwa sau ɗaya a shekara, domin shi ne mafi saurin cewa bari ya jira. No Time to Die, da aka ɗage daga Afrilun 2020 zuwa ƙarshen Satumbar 2021, ya nuna cewa har yanzu ana iya fito da shi, tunda ya kusa miliyan 100 alhali tsoron cutar bai gama barin mutane ba. A 2025 kamfanin Amazon ya karɓi ragamar shirya Bond daga iyalan Broccoli masu kamfanin Eon, aka kuma ba Denis Villeneuve aikin ba da umarnin fim na gaba, da sabon jarumi a madadin Daniel Craig. Wannan shi ne fim ɗin da zan sa wa ido, kuma ba cinikin makon farko zan duba ba, na mako na huɗu zan duba.